Taga, Ban da Rana

Litinin, 2 ga wata

Zuwa ga Kawuna,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da Inna. Yaya ƙafarta? Yaya idon? Mu nan lafiya lau. Maigidana yana gaishe ka, ya ce har yanzu yana jiran ruwan da ka ce za a yi ranar ɗaurin aurenmu.

Tunda kunnenka ya yi faɗa da waya, na koma takarda kamar yadda ka fi so. Na sa manyan baƙaƙe. Mai kemis na bakin layinku zai buga maka, in ka rubuta amsa ka kai masa ya ɗauki hotonta ya turo min.

Kawu, likitan ido na nan ya duba takardunka. Ba zan yi maka kwana-kwana ba. Ya ce na dama ya riga ya tafi. Na hagu kuwa hawan jinin ido yana cin sa daga gefe, ga yanar ido ta hau kansa. In an bar shi haka, da wuya ya kai shekara. In an yi aiki, zai iya tsayawa inda yake, zai kuma iya tafiya gaba ɗaya a wurin aikin. Ya ce shawara taka ce, amma ya ajiye mana ranar 28. Ni dai roƙona ka zo.

Maganar tikiti kada ta dame ka. Ka san aikina, yau ina wannan asibiti ina haɗa injin gwajin jini, jibi ina wancan ina koya wa ma'aikata. Duk tashin da na yi, kamfanin jirgin saman da nake hawa yana rubuta min maki gwargwadon nisan tafiyar. Shekara shida ina tarawa ban taɓa ba, da su na karɓar maka tikiti. Sai dai kamfanina ba ya sauka a garinku, amma yana ƙawance da wanda ke sauka. Wato tikitin na kamfanina ne, jirgin na abokinsa ne. Na samu na safe, ranar 25, ƙarfe bakwai da rabi. Tafiyar awa biyar ce.

Saura kujera. Akwai ta jikin taga, akwai ta tsakiya, akwai ta bakin hanya. Ni ta bakin hanya nake zama don in miƙe ƙafa in yi barcina, rabon da in ɗaga marufin taga har na manta. Wacce kake so?

'Yarka,
Yayyafi

Alhamis, 5 ga wata
Sama yau: uku cikin takwas a rufe, iska daga kudu

Yayyafi 'yata,

Wa alaikis salam. Wasiƙarki ta iso, mai kemis ya buga ta da baƙaƙe kamar na allon talla, har maƙwabcinmu ya karanta daga ƙofar gidansa. Muna lafiya. Ƙafar Innarki da sauƙi, bakinta kuwa bai taɓa ciwo ba. Ki gaya wa maigidanki ruwan nan an yi shi, a unguwar da ke bayanku ya sauka. Ya je ya tambaya.

Kada ki yi min dariyar layin da na sa a sama. Shekara talatin da huɗu a tashar auna yanayi, kullum sai na raba sama gida takwas na rubuta nawa gajimare ya rufe. Hannun ya saba, ko takardar cefane zan rubuta sai ya fara da shi. Ke kanki a irin wannan takarda aka fara rubuta ki. Ranar da ƙanwata ta haife ki na rubuta “yayyafi, ba tsawa”, da yamma na je asibiti na tarar da ke, tsawar duk a bakinki take.

Na ji maganar likita. Allah ya sa mu dace. Zan zo.

Amma maganar makin nan ta tsaya min a rai. Ashe tafiyar da mutum ya riga ya yi ba ta ƙarewa, ana iya tara ta a ajiye, har a ɗebo a ba wani ya hau? Na yi wa Innarki bayani sau uku, ta ce to ita ma a lissafa mata zirga-zirgarta tsakanin ɗaki da madafi, ta tabbata ta isa ta zagaya duniya. Ni abin da ya fi ba ni mamaki shi ne ki tara a wannan gida ki ci a wancan. Ikon Allah. Mu da muka yi rayuwa a gefen filin jirgi muna miƙa wa matuƙa takardar yanayi ta taga, ko matakalar jirgi ban taɓa takawa ba. Yau ga gajiyar ƙafar 'yata za ta ɗaga ni sama.

Game da kujera, abu biyu nake roƙo. Taga, amma ban da rana. Idon nan ba ya shiri da ita yanzu, in ta buge shi komai fari fat yake komawa, sai hawaye.

Ki ci abinci a kan lokaci. A hoton da kika turo kin rame.

Kawunki

Lahadi, 8 ga wata

Kawuna,

Gaisuwa da fatan alheri. Ina fata kun tashi lafiya. Ban rame ba, rigar aikin ce ta yi min yawa. Ka gaya wa Inna na karɓi ƙorafinta, zan kai gaba.

Albishirinka! Buƙatarka ta biya. Ka ce ban da rana, to na raba ka da ita gaba ɗaya. Kamfanin yana da jirgi biyu a ranar 25, na safe da na dare. Na kwana biyu ina leƙa manhajar kamfanin a waya kamar mai jiran sakamakon jarrabawa, don kujerun da suke ware wa masu maki ba su da yawa, biyu ne ko uku a jirgi guda. Jiya na ga ɗaya ta fito a na dare, ban ko tsaya shan ruwa ba na saki ta safen na cafke ta. Zai tashi goma da rabi na dare, ku sauka kafin asuba. Babu hasken da zai taɓa maka ido, ka yi barcinka, in ka farka ka leƙa ka ga fitilun garuruwa. Na san ka da son kallon sama, wataƙila ma ka samu taurari.

Lambar kujerar ce ban samu na zaɓa ba tukuna. Manhajar kamfanina ta ce jirgin ba nasu ba ne. Zan bi ta kansa in na dawo, gobe zan tafi wani asibiti kwana biyar, ɗakin gwajinsu a ƙarƙashin ƙasa yake, waya ba ta shiga.

Ka yaba min mana, Kawu. Ba kullum nake yin abin kai irin wannan ba.

Yayyafi

Lahadi, 15 ga wata

Kawu,

Lafiya kuwa? Na dawo tun shekaranjiya ban tarar da amsarka ba. Mai kemis ya rantse ya ba ka takardar hannu da hannu. Na kira Inna, ta ce lafiyarka ƙalau, sai dai ka rage cin abinci, kullum kana kan kujerar roba a bakin rumfa ka ɗaga kai sama, in ta yi magana ka ce a ƙyale ka. In tsoron aikin ne ka gaya min, sai mu sake zama da likita. In kuma wani laifi na yi, ɗa ba ya wuce faɗan kawunsa. Shirun nan ya fi faɗan ciwo.

'Yarka

Litinin, 16 ga wata
Sama yau: bakwai cikin takwas, hadari yana haɗuwa a gabas

Yayyafi,

Muna lafiya, alhamdu lillahi. Ki yafe min shirun. Na fara wasiƙar nan sau huɗu ina yagawa, har Innarki ta ɓoye sauran takardun.

Ba ki yi laifi ba. Kalma ce ta yi mana ƙafar ungulu. Da na ce ban da rana, ranar da ke sama nake nufi, mai fitowa daga gabas, ke kuma kika ɗauka wuni nake gudu. Garinku arewa yake da namu. Jirgin da ya tashi da safe ya nufi arewa, rana tana damansa. Abin da nake so ki sa ni a tagar hagu, inda haske zai zo ta bayan kaina ya sauka a kan abin da nake kallo. Da na ƙara layi ɗaya da kin gane. Na saba rubuta wa matuƙa a gajarce, na manta ke ba matuƙiya ba ce.

Kuma akwai abin da na ɓoye, don kunya. Ana maganar idon tsoho, shi yana maganar gajimare.

A tasharmu akwai wani aiki da nake yi kowace safiya. A cika jan balan-balan da iskar gas, a fita fili, agogo a hannun hagu, a sake shi. Mun san mita nawa yake hawa a minti ɗaya. Sai ka bi shi da ido yana ƙanƙancewa, yana ƙanƙancewa, har gajimare ya haɗiye shi. A nan za ka tsayar da agogo, ka buga lissafi, ka rubuta tsayin gindin gajimaren. Aikina ya ƙare ke nan. Amma shi balan-balan bai tsaya ba, 'yata. Yana can yana ci gaba da hawa cikin abin da ban taɓa gani ba. Na saki dubbai. Kowanne sai na ɗan ƙara tsayawa bayan na tsayar da agogo, har abokan aiki suna tsokanata wai ina jiran ya aiko da saƙo.

Shekara talatin da huɗu gindin gajimare kawai na sani. Na san sunayensu, na san wanda ke kawo ruwa da wanda ke yaudarar manomi, ina iya gaya miki tsayinsa ban saki komai ba, ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Kansa ne ban taɓa gani ba. Matuƙa in sun sauko nakan tambaye su yaya can saman yake, sai su ce “fari ne”, su karɓi takarda su wuce. Fari ne! Kamar ka tambayi wanda ya je teku ya ce maka ruwa ne.

Gaskiyar magana, da kika ce jirgin safe, ba don likita na amsa da sauri ba. Na lissafa ne. In aikin ya tafi da idon, dawowa a duhu zan yi ta. Tafiyar zuwa ita kaɗai ce tawa. Da takardarki ta zo da maganar dare, sai na ji kamar an miƙo min ƙwarya an janye. Taurari kuwa, rabona da su shekara biyu, idon ba ya kama su.

Na faɗa ne don kada ki zargi kanki da abin da ba shi ba. In ba ya gyaruwa ki bar shi, zan hau na daren, ba zan fasa zuwa ba. Makin guminki ne, kada ki ƙone shi a kan son zuciyar tsoho.

Na yaba miki, kamar yadda kika roƙa. Wanda ya kwana biyu yana gadin waya saboda kawunsa ya isa yabo.

Kawunki

Asabar, 21 ga wata

Kawuna,

Ina gaishe ka, ina gaishe da Inna. Ina fata ka koma cin abinci, don in ka iso a rame ni za ta kama.

Na karanta wasiƙarka a tsaye a gaban injin da nake gyarawa, sai da na nemi wuri na zauna. Na yi kuka, Kawu. Rashin sani ya fi dare duhu, ni kuwa har daren na saya maka da hannuna ina neman yabo.

Na koma manhaja a take, kujerar safen da na saki wani ya riga ya ɗauke. Na duba sayen tikiti kai tsaye, farashin na kwanakin ƙarshe ya fi ƙarfinmu, duk da haka maigidana ya ce in Juma'a ta yi ba a samu ba mu san yadda za mu yi. Kullum ina dubawa, da asuba, da azahar, a layin kanti, har a lif. Ranar Alhamis da hantsi sai ga ta, wani ya fasa tafiya. Nan take na danna. Ka koma jirgin safe, ranar 25, bakwai da rabi.

Sai kuma yaƙin taga. Kamfanina ya ce jirgin ba nasu ba ne, in je wurin masu shi. Na shiga shafin masu jirgin na sa lambar tikitin, suka ce ba su san ta ba. Na kira waɗannan suka tura ni wurin waɗancan, waɗancan suka dawo da ni, kowane kira sai na sha kiɗa na minti arba'in. A kira na biyar na faɗa hannun wata mata mai muryar manya. Na gaya mata komai, har balan-balan. Sai ta ce, “'Yata, tikitin ƙawance lamba biyu gare shi. Wadda ke hannunki ta gidanku ce. Akwai ta gidan masu jirgin, ba a nuna miki ita sai kin tambaya.” Ta karanto min baƙaƙe shida, ta sa na maimaita mata sau biyu don kada in rubuta D a wurin B. Allah ya saka wa matar nan.

Da na sa sabuwar lambar, sai ga hoton cikin jirgin ya buɗe, kujera bayan kujera. Na hagu su ne masu harafin A. Yawancinsu an sa musu kwaɗo, an ajiye wa masu katin kamfanin. Katina na zinariya, na masu yawan tafiya, bai yi aiki ba, wai ba ni ce mai tafiyar ba. Ta bakin ƙofar gaggawa ba a ba mai matsalar ido. Uku suka rage. 18A tana kan fiffike, da awa biyar za ka yi kana kallon ƙarfe. 24A na kusa ɗauka, Allah ya sa na leƙa wani shafi da matafiya ke ba juna labarin kujeru, ashe sunanta kawai ta taga, bango ne a wurin. Ka ji zalunci! Na ɗauki 33A, bayan fiffike, tagarta daidai kafaɗa.

Ga gargaɗi. Wani lokaci sukan canja jirgi a ranar tafiya, kujeru su watse. In ka je kanta ka duba katin shiga da za su ba ka. In ba 33A ba ce, kada ka yi musu kawaicin nan naka. Ka ce A kake so, bayan fiffike, ka nuna musu takardar likita. Na sa mai kemis ya buga maka lambobin biyu a takarda daban.

Ta dawowa ban zaɓa ba tukuna. Ka gaya min in ka iso.

Jiya da nake dawowa daga aiki a jirgi na roƙi wanda ke jikin taga ya ɗaga marufin. Shekara shida, Kawu, ina wucewa ta cikin wannan abu ina barci. Ba zan gaya maka abin da na gani ba, gani ya kori ji.

Zan tsaya a ƙofar fitowa da jan mayafi don ka hango ni.

'Yarka,
Yayyafi

Laraba, 25 ga wata
Sama yau: ban san yadda ake rubuta ta daga nan ba

Yayyafi 'yata,

Ina gaishe ki daga 33A. Lafiyata ƙalau, kunnuwa ne kawai suka toshe, su kuwa dama ba wani aiki suke yi ba. Innarki tana gaishe ki, ta raka ni har inda aka hana ta wucewa, tana ta gyara min wuyan riga. Ina rubutu a kan ɗan teburin da ke jikin kujera. In layukan sun karkace, jirgin ne. Da hannuna zan ba ki wannan, don na san in na gan ki bakina ba zai iya ba.

Ba su canja jirgi ba. Yarinyar kanta ta ba ni kati, na sa ta karanta min lambar, na sake sa wani mai kaki ya karanta. Baƙo ko da ido makaho ne, balle ni.

Mun tashi cikin ruwa. Sama a rufe ruf, takwas cikin takwas, gindin gajimaren a ƙiyasina bai fi mita ɗari shida ba. Da ƙafafun jirgin suka bar ƙasa sai na ga babban yatsana ya danna agogo da kansa. Na ga rufin gidaje, na ga wani fili da farin akwatin ma'auni a tsakiyarsa irin namu, da wani mutum tsaye kusa da shi da laima. Daga nan taga ta yi toka. An haɗiye mu. A daidai nan nake tsayar da agogo duk rayuwata. Yau na bar shi yana tafiya.

Cikinsa ba shiru ba ne, ashe. Yana girgiza mu, ruwa yana gudu a kan gilashi a kwance maimakon ya sauka. Minti huɗu ba na ganin komai, har na fara tsoron ko idon ne ya zaɓi yau. Sai tokar ta fara haske, ta koma fari, ta yi ƙyalli, sai kawai muka fito.

'Yata, matuƙan nan sun cuce ni da suka ce fari ne. Ƙasa ce guda a can. Akwai tuddai, akwai kwaruruka masu shuɗin inuwa, akwai wuraren da ya kwanta lumui har iyakar gani, akwai inda yake tafasa yana kumbura a hankali. Gefen da haske ya taɓa kamar an shafa masa zinariya. Sama kuma a kanmu shuɗi ne mai duhu wanda ban taɓa ganin irinsa daga ƙasa ba, babu ɗigon komai a jikinsa. Na tuna mutumin nan mai laima, yanzu haka yana rubuta cewa gari ya ɓaci. Na yi ta faɗin Subhanallah har na kusa da ni ya taɓa ni ya ce, “Baba, lafiya?” Na ce masa lafiya ce ta kawo haka.

Lissafin ya fita daidai. Rana tana dama, haske yana zuwa ta bayana, idon bai yi hawayen ciwo ko sau ɗaya ba. Na ɗayan irin kam ya yi.

Bayan an ba mu abinci, ma'aikaciyar jirgi ta zo tana rufe tagogi don mutane su yi barci. Ta ce, “Baba, a taimaka a sauke marufin.” Na tuna kin ce ban da kawaici. Na ce, “'Yata, ido ɗaya ya rage min, shi ma gata za a shiga da shi ɗakin aiki. Wannan tagar 'yata ta yi kira biyar kafin ta samo min.” Ta tsaya tana kallona. Ta tafi, na ce shi ke nan ta je kiran babba. Sai ga ta da bargo, ta lulluɓa min a kai ta haɗa da tagar, ta soke gefensa a bayan kujera. Haske bai dami kowa ba, ni kuma na samu ɗakina ni kaɗai.

A cikin bargon nan na ga abu biyu.

Na farko hadari ne, daga nesa, shi kaɗai a tsaye. Irin wanda in ya taso muke rufe tagogin tasha mu sanar da hasumiyar filin jirgi. Daga ƙasa baƙi ne mai ban tsoro. Daga nan fari ne tas, ya taso daga shimfiɗar gajimaren ya wuce tsayin da muke, kansa ya baje a sama kamar maƙera. Matuƙi ya ce muna mita dubu goma sha ɗaya, shi kuwa sai na ɗaga kai kafin in ga ƙarshensa. Walƙiya tana motsi a cikinsa ba ƙara. Shekaru ina rubuta tsayin irinsa da ƙiyasi, ashe duk na rage masa. Na nemi afuwarsa.

Na biyu ban zata ba. Na sunkuya ina kallon ƙasa, sai na ga inuwar jirginmu 'yar ƙarama tana gudu a kan gajimare, kewaye da ita zoben bakan gizo, cikakken zobe, ja a waje, shuɗi a ciki. Na san shi. Yana cikin littafin da aka koyar da mu muna samari, zanen baƙi da fari a ƙasan shafi, malaminmu ya ce shi ma bai taɓa gani ba. Ba ya fitowa sai a gefen da ke kallon kishiyar rana. Duk waɗanda ke dama ba za su gan shi ba ko da sun buɗe tagoginsu. Ya bi mu kusan minti uku. In gajimaren ya matso ya girma, in ya yi nisa ya ƙanƙance, tsakiyar zoben kuma ba a kan hancin jirgi take ba, tana bayan fiffike, daidai inda nake zaune. Na fito da kai daga bargo na jawo hannun maƙwabcina na ce ya leƙa. Ya leƙa, ya daɗe bai ɗago ba, da ya ɗago sai ya riƙe min hannu.

Yanzu an ce mu ɗaura ɗamara, mun fara sauka. Za a sa in naɗe teburin.

Ki gaya wa likita na shirya. Da tsoro na taso daga gida, ban gaya wa ko Innarki ba. Yana nan har yanzu, amma ya rage nauyi, zan iya ɗaukarsa zuwa ranar 28.

Kin tambayi kujerar dawowa. Jirgin zai nufi kudu da safe, rana za ta koma hagu. Kada ki zaɓa sai an kwance min bandeji. In idon ya tsaya, ki nemo min tagar dama, bayan fiffike, in ƙarasa kallon da na fara. In bai tsaya ba, ki bar ni a 33A. Rana za ta bugi gilashin, zan ji ɗuminta a kumatuna, na kuma riga na san abin da ke wajen.

Kawunki